Allurar Mita a Garejin Kosta

Aikin Usta Mitwalli a garejin Hawaga Kosta, can bayan tashar jirgin ƙasa ta Iskandariya, shi ne gwada dainamo, injin nan da ke ba batirin mota wuta. In an sake naɗa wa dainamo waya, sai a ɗaure shi kan teburinsa, a sa bel a juya, shi kuwa ya zuba wa allurar mitar auna ƙarfin wuta ido. In ta zarce ya ja buroshin gawayin da ke cikin dainamon baya kaɗan, in ta gaza ya tura shi gaba. Tun mota tana firgita dawakan karusa yake wannan aiki, bai kuma iya wani ba.

To tun bara yanar ido ta fara rufe masa gani. Bai gaya wa kowa ba, ko matarsa. Fuskar mita ta koma masa farin faranti kawai. Sai ya riƙa gwaji da kunne, da hasken ƙwayayen fitilar da ke jere a teburin, yana roƙon Allah ya rufa asiri.

Ran nan sai ga alfadarai sun jawo motar likita har ƙofar gareji. Batir ya tafasa, fitilu duk sun ƙone. Mitwalli ne kuwa ya gwada dainamon motar ya ce lafiya lau.

Kosta bai yi faɗa ba. Da kansa ya ciro dainamon ya ɗaure a teburin, sigari a baki.

"Zo nan, Usta, sarkin masu gwaji. Ka dafa wa likita batir kamar wake, saura mai da lemon tsami."

"Direbansa ne, Hawaga. Jaki ne, gudu yake kamar ana binsa."

"Na sani, duk jakai ne, har ni. Duba mini allurar nan."

Bel ya fara juyawa. Mitwalli ya sunkuya, ya ƙanƙance ido har ƙwalla ta zo. Fari fat. Ya kasa kunne, ya ji kukan injin daidai yadda ya saba ji.

"Goma," ya ce.

"Goma?"

"Goma da ɗan ɗigo. Ai ka gani."

Kosta ya tsayar da bel. Ya kamo hannun Mitwalli ya ɗora a bayan mitar. Waya ce a sake, tana lilo, ba a ma haɗa ta ba. Allurar tana kwance, ko motsi ba ta yi ba.

Kosta ya murje sigarinsa da ƙafa.

"Haba ɗan'uwana. Da ka faɗa mini."

"In faɗa maka ka yi me? Ka ara mini naka idon?"

"Akwai wankin ƙarafuna da kananzir a baya. Ba ya son ido."

"Ni? Da furfurata?"

"Teburin nan dai ba za ka ƙara taɓa shi ba, Usta. Likita yana ɗauke da mara lafiya a mota fitila ta mutu masa."

Mitwalli ya kwance rigar aikinsa, ya lalubi ƙusa ya rataye, ya gyara zaman jar dararsa, ya fita da tsakar rana.

A tashar taragun fasinja na cikin gari ya tsaya cikin mutane yana jiran na unguwarsu. Ɗaya ya zo ya wuce, wani ma ya zo ya wuce. Bai ga lambar ko ɗaya ba, kunya kuma ta hana shi tambaya.