Talatin da Bakwai da Rabi

Ƙwan da suka lalace suna nan bayan ɗaki cikin buhuna, ƙudaje na binsu. Datti ya hana a zubar. Ya ce a bar su sai an gama magana.

Ya daɗe yana tsaron injinan ƙyanƙyasa a gonar kajin Oga Onyekwere, can bayan Naraguta kusa da tsohon ramin kuza. Aikin ɗaya ne: ido a kan zafi. In zafi ya sauka aka yi sake, 'yan tsaki su mutu tun suna cikin ɓawo. Da can ma'aunin gilashi yake dubawa. Bara Oga ya cire shi, ya kawo kwamfuta. A fuskarta akwai shafi guda da ke nuna zafin kowane inji, da wani zane mai hawa da sauka. Duk bayan 'yan daƙiƙu shafin yakan sabunta kansa. In zafi ya faɗi sai ya yi ja, ya yi ƙara. Oga ya ce masa abu biyu: kada ka rufe shafin nan, kada ka riƙa buɗe ƙofar inji a banza.

Ranar Lahadi hitar da ke ɗumama inji na biyu ta mutu. Shafi bai yi ja ba, bai yi ƙara ba. Datti ya wuni yana kallon zafi a digiri talatin da bakwai da rabi, daidai yadda ake so. Sai da yamma ya dafa ƙofar injin ya ji ta da sanyi. Da Oga ya iso, cikin fushi ya kashe kwamfutar ya kunna. Nan take ta yi ja tana ihu. Shi ke nan, Oga ya yanke hukunci: na'ura lafiyarta ƙalau, Datti ne ya yi barci.

Yau Talata. Oga ya kira Nkiruka, 'yar ƙanwarsa, wadda ta haɗa shafin da hannunta.

"Ki duba," in ji Oga, yana tsaye bakin ƙofa da makullin mota a hannu. "In kwamfuta ba ta da matsala, Datti ya kwashe kayanshi yau. Ina da wani yana jira."

"Ban yi barci ba, Oga."

"Kowa haka yake cewa."

'Ya'yan Datti biyu suna makaranta, kuma a shekarunsa ba mai ɗaukar wanda aka kora don barci. Abin da ya fi cin ransa shi ne wanda zai yi masa shari'a. Yarinyar 'yar gida ce, kuma aikinta ne ake tuhuma. Wa zai ce hannunsa ne ya ɓata?

Nkiruka ta ja kujera ta zauna. Ta duba waya, ta duba intanet, ta sa Datti ya buɗe ƙofar injin da babu ƙwai a ciki. Lamba ta sauka, shafi ya yi ja, ƙara ta tashi. Ta sake gwadawa. Haka dai.

"Kin gani?" in ji Oga.

"Tana aiki, Ankul."

Datti ya dubi tabarmarsa da butarsa a lungu. Ba su da nauyi, leda ɗaya za ta ɗauke su.

Amma Nkiruka ba ta tashi ba. Ta juyo da kujera.

"Baba Datti, ranar Lahadin, zanen nan yana motsi?"

"Lamba nake kallo. Ita aka ce in kalla."

"Kafin ranar fa, ba ka ga wani abu daban ba?"

"Tana nishi."

"Wa ke nishi?" Oga ya yi tsaki. "Kwamfuta akuya ne?"

"Fankarta, Oga. Sai ta riƙa huci kamar babur a kan hawa. Na faɗa maka, ka ce ƙura ce."

Nkiruka ta ɗan tsaya. "Kafin Ankul ya kashe ta ranar Lahadi, yaushe rabon da a kashe ta?"

"Wa zai kashe? An ce kar in taɓa. Da dai NEPA ke kashe ta, safe da rana, yadda ta ga dama. Tun da aka sa sola ba ta ƙara mutuwa ba."

"Tun da aka sa sola," in ji ta a hankali. Ta koma kan kwamfutar. Ta danna wani abu, gefen shafin ya buɗe, rubutu ƙanana suka cika shi. Datti bai iya karanta su ba. Fuskarta yake karantawa, kuma fuskar ta canza.

"Me kuma?" in ji Oga. "Ina da taro a Tudun Wada."

"Jira, Ankul. Ina auna wurin da shafin ya ci a memori."

"Yi mini Hausa ko Ibo."

"Kwamfuta tana da wurin da take aza abin da take aiki da shi, kamar tebur. Shi ne memori. Yana da iyaka." Ta nuna wata lamba a gefe. "Ga abin da shafin ya ci ɗazu. Ga shi yanzu. Ya ƙaru. Kamata ya yi ya hau ya sauko, ya tsaya wuri guda. Wannan hawa kawai yake."

"Da yawa?"

"Kaɗan kaɗan. In na gwada shi a gida na ɗan lokaci ba zan taɓa gani ba."

"To kaɗan ba ya kashe ƙwai." Oga ya juya makullinsa. "Datti, je ka tattara."

Datti bai motsa ba. Nkiruka ma ba ta dube su ba, yatsunta na gudu.

"Ba ni ɗan lokaci. Zan sa shi ya riƙa sabunta kansa da gudu, aikin makonni ya yi shi yanzu a gabanka. In bai tsaya ba, ba ni da ta cewa."

Ta danna. Zanen ya fara ƙiftawa da sauri har ido ba ya binsa. Lambar gefe ta kama hawa. Su uku suka zuba mata ido. Daga waje ana jin kaji, da wani mai a-daidaita-sahu yana ta hon a kan hanya. Oga ya duba agogo, ya amsa waya ya ce yana tafe, ya sake duba agogo. Shafin dai bai tsaya ba.

"Nkiru, ya isa."

"Saura kaɗan."

"Kin ce kaɗan ɗazu."

Sai fankar ta tashi. Huci mai ƙarfi, irin wanda Datti ya sani.

"Ga ta nan!" ya ce. "Wallahi haka take yi!"

Nkiruka ta ja linzamin kwamfutar, kibiyar ta riƙa tafiya tana tsayawa. Zanen ya yi ƙifta ɗaya, ya yi biyu, ya daskare. Lamba ta zauna a talatin da bakwai da rabi, kore shar.

"Baba Datti, zaro ma'aunin injin can marar ƙwai. Tsoma shi a ruwan sanyi."

Datti ya zaro 'yar wayar ma'aunin. Ya ɗebo ruwan randa a kofi, ya tsoma ta. Oga ya matso da kansa ya sa yatsa a kofin, ya cire da sauri. Ya dubi kwamfuta. Talatin da bakwai da rabi. Ba ja, ba ƙara. Suka jira. Ba abin da ya motsa.

"Duk sanda shafin ya sabunta, sabon zane yake yi," in ji Nkiruka. Muryarta ta yi ƙasa, amma ba ta kauda kai ba. "Ya kamata ya jefar da tsohon. Ban sa ya jefar ba. Sai ya riƙa tara su a baya, inda ba a gani, har tebur ya cika, ya daskare da lambar ƙarshe a fuskarsa. Da NEPA ke share teburin kullum in ta ɗauke wuta. Sola ta zo, ba mai sharewa. Kai kuma da ka kashe ka kunna ranar Lahadi, ka share shaidar."

"Wato kuɗin da na kashe a sola ne ya kashe mini ƙwai?"

"A'a, Ankul. Aikina ne. Yau zan gyara. Zan kuma sa agogo a kai, in ya daina motsi a sani."

Oga Onyekwere ya daɗe yana kallon kofin. Ba mutumin ba da haƙuri ba ne, Datti ma bai sa rai ba. Ya cusa makulli a aljihu, ya fito da waya, ya kira wani ya ce masa kada ya zo, an fasa.

"Je ka zubar da buhunan nan," ya ce wa Datti. "Wari ya ishe ni."

"Zan zubar. Ina ma'aunin gilashina?"

"Ba ka ji ta ce za ta gyara ba?"

"Na ji, Allah ya yi mata albarka. Ina gilashina?"

Nkiruka ta yi dariya, karon farko tun zuwanta. "Ba shi, Ankul. Ni ma da shi zan gwada nawa."

Oga ya yi gunaguni da Ibo, ya ce yana cikin durowar ofis. Datti ya ciro 'yar wayar daga kofi, ya goge ta da bakin rigarsa, ya mayar da ita cikin inji. Sannan ya fita neman baro.