Gonar Mai Takaba a Sabuwar Manhaja

Ban taɓa jin haushin aiki kamar wannan ba, kuma ba aikin ne ya yi min laifi ba, mutane ne.

Ƙungiyar manoman gyaɗa ta yankinmu, daga garinmu Turawa har ƙauyukan Rogo, tarakta ɗaya tal gare ta. A da, damina na kamawa sai a yi cincirindo a bakin ofishin ƙungiya a Karaye, ana cacar baki kan gonar wa za a fara yi wa haro. Yayana Lurwanu ne ya kashe wannan rigima. Ya rubuta manhajar da ake buɗewa a waya: ka shiga, ka sa gonarka a layi, saƙo ya zo maka ranar da tarakta za ta iso. An yi shekaru ana mora.

Sai dai ginshiƙin da ya ɗora manhajar a kai ya tsufa. Waɗanda suka ƙirƙire shi sun daina toshe ɓarakarsa, kamfanin da ke riƙe mana shafin kuma ya aiko cewa zai sauke duk abin da ke zaune a kan tsohon. Dole a kwashe komai a mayar kan sabo. Yaya ya fara kwasar ke nan ciwon hanta ya kwantar da shi, kafin ruwan farko Allah ya karɓi abinsa. Ya bar matarsa Turai da ƙananan yara da gona a bayan gari, ni kuma ya bar min kwamfutarsa da aiki rabi da rabi. Shi ya koya min sana'ar, don haka ba wanda ya tsaya tambayar wa zai ƙarasa.

Mutane sun ɗauka kwafa ake yi a liƙa. Ina! Kamar sauya wa rumbu gindi ne da hatsi a cikinsa. Kowane shafi sai na sake rubuta shi yadda sabon ginshiƙin ke so, in kunna tsohon da sabon gefe da gefe, in yi musu tambaya iri ɗaya, in ga ko amsarsu ta zo daidai. Na gama da shafin rajista, na sha wuyar sashen tura saƙo, ya rage saura layin tarakta.

A cikin layin akwai ƙa'ida guda wadda ta girmi waya ta girmi taraktar kanta. A wajenmu, matar da ke takaba ba ta fita neman alfarma a bakin ofishi, don haka gonarta ake fara yi wa aiki, ko da sa'ilin gayya ne da garmar shanu. Yaya ya shigar da wannan cikin manhajar tun farko. Da zarar an shaida wa sakatare rasuwa, gonar matar sai ta haura saman layi da kanta. Bana sunan Turai na cikin waɗanda suka haura.

Ina tsaka da kwashe wannan sashe Alhaji Gwadabe, shugaban ƙungiya, ya aiko kirana. Na same shi a ofis ya sha babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Muka gaisa, ya sake yi min ta'aziyya har da dogon salati. Sannan ya rage murya.

“Sadiƙa 'yata, tunda gyara ake yi, a yi shi gaba ɗaya. Wannan batu na masu takaba, a bar shi a tsohuwar manhaja.”

Na ce, “Baba Alhaji, an soke ƙa'idar ne?”

“A'a, wa ya isa ya soke? Mu 'yan kwamiti dai mun fahimci juna. Bana ruwa ya zo da wuri, rashe-rashe sun yi yawa, manyan gonaki na jira. Ke dai ki ƙyale shi. In an tambaya, sai a ce sabuwar manhaja ce, Turawan da suka yi ta ba su san takaba ba.”

Wato ba su da ƙarfin halin tsayawa gaban jama'a su ce sun fasa, sai a ɗora wa na'ura laifi, a kuma ɗora min. Manyan gonakin da ke jira kuwa kowa ya san na su waye. 'Ya'yansu ne ke da manyan wayoyi, su ke fara cika layi tun gajimare bai haɗu ba.

Na ce, “Ranka ya daɗe, manhaja ba ta san komai ba sai abin da aka gaya mata. In ta manta, mutum ne ya sa ta manta.”

Nan fara'ar ta ɗauke. Ya ce, “To a faɗa miki gaskiya, ana ta magana. An ce don matar yayanki na ciki ne kike naci.”

Abin da ke bakina ba na gaya wa sa'an uba ba ne. Na yi sallama na fito.

A hanyar gida na bi ta gonar Yaya. Ƙasa ta jiƙu, ciyawa ta fara tofowa, ga gonakin maƙwabta har an ja kunya. Gyaɗa ba ta jiran kowa. In aka mayar da Turai ƙarshen layi, kafin tarakta ta zo lokacin shuka ya wuce, kuma abin da ita da yaran za su ci shekara ke nan. Na shiga gida na same ta zaune a tabarma da carbi, an ɓare irin gyaɗa an ajiye a kwarya. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta san ƙa'ida, ta san wanda ya rubuta ta, hankalinta kwance. Wannan kwanciyar hankalin ta fi komai ƙona min rai.

Na koma kan kwamfuta. Na kwashe ƙa'idar yadda take, ban rage mata ko ɗigo ba. Amma tunda shugabanni sun ce suna da buƙata, ni kuma ma'aikaciyarsu ce, sai na biya musu ita. Na ƙara maɓalli guda a shafin 'yan kwamiti, na rubuta a kansa: “Tsallake gonar mai takaba.” Duk wanda ya shiga da sunansa ya danna, tarakta za ta wuce gonar, saƙo kuma ya tafi wayar kowane ɗan ƙungiya cewa wane ya ba da umarnin a tsallake gonar wance. Na gwada shi da sunayen ƙarya, yana aiki sumul.

Ranar da za a kashe tsohuwar a kunna sabuwar, kwamiti ya taru a ƙarƙashin darbejiyar ofis da hantsi. Shitu direba ya kawo tarakta ya tsayar, yana jiran wayarsa ta gaya masa inda zai nufa. Na juya akalar shafin zuwa sabon ginshiƙi, komai ya tashi lafiya. Sannan na yi musu bayanin maɓallin a fili, ban ɓoye batun saƙon ba, na miƙa wa Alhaji Gwadabe wayar da hannu biyu.

“Baba Alhaji, ga abin da kuka nema. Dannawa ɗaya ce.”

Ya kalli wayar kamar na ba shi garwashi. “Ba haka muka yi da ke ba. Ke za ki yi ta can ciki.”

“Ni ba 'yar kwamiti ba ce, ranka ya daɗe. Leburar kwamfuta ce kawai.”

Ya miƙa wa sakatare. Sakatare ya ce shi rubutu kawai yake yi, zartarwa ta shugaba ce, ya tura wa ma'aji. Ma'aji ya ce ya baro tabaraunsa a gida, mutumin da na gani da idona yana karanta saƙo ɗazu. Ya ba Malam Badaruddeen, dattijon da ya ja sallar gawar Yaya. Malam bai ko karɓa ba, ya ce shi bai ji ana wannan magana ba sam, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Wayar ta zagaya ta dawo hannun Alhaji. Manyan mutane, masu gemu da rawani, waɗanda suka fahimci juna a ɗaki, ga su an rasa mai ɗan yatsa.

Shitu ya leƙo daga kan tarakta. “Alhaji, rana na yi. Ni dai waya ta ce gonar marigayi Lurwanu. In tafi?”

Ba wanda ya hana shi. Ya tayar da injinsa ya kama hanyar Turawa.

Alhaji ya dawo min da wayar ba tare da ya dube ni ba. Ya ce an gode da ƙoƙarina, amma daga yau za su nemo ƙwararre daga Kano ya ci gaba da kula da manhajar. Na san abin da za su fara sa shi ya cire. Na ce Allah ya ba da sa'a, na naɗe igiyar cajata. Har yanzu in na tuna raina ɓaci yake, don baɗi akwai wata matar da za ta zauna a tabarma tana jira.

Na isa gida na tarar da Turai a bakin ƙofar ɗaki, ta karkata kai tana saurare. Daga bayan gari ana jiyo rurin tarakta, yana nisa yana dawowa. Yaran duk sun ruga kallo, ita kuwa ba halin fita.

Ta ce, “Tamu ce ake yi?”

Na ce, “Taku ce, Anti.”

Ta jawo kwaryar irin ta rungume a cinya. “Da yana kwance na ce masa wa zai yi mana haro bana. Ya ce kar in damu, shi zai turo tarakta.”