Kurokas na Gwangwani Ba Ya Shiga Lissafi

Tudun da ke tsakanin gonar Orest da ta maƙwabciyarsu Doreen garma ba ta taɓa hawansa ba, duwatsu sun yi masa yawa. Shi ya sa a wannan gefen nasu na Saskatchewan, a ƙasar Kanada, can kaɗai kurokas ya rage. Fure ne mai zuciya, ƙasar da aka taɓa nomewa ya yi mata sallama ke nan.

Shekara arba'in Halyna, matar Orest, suna tsere da Doreen a kansa. Da ƙanƙara ta fara narkewa a watan Afrilu, wadda ta riga ganin furen farko sai ta buga wa ɗayar waya ta yi mata dariya. Bana kuwa an yi wa Halyna aiki a ƙugu, ko ƙofar gida sai da sanda biyu. Kullum tana bakin taga tana kallon tudun, abinci ma ta rage ci.

Ran nan Orest ya saɓi shebur ya hau, ya dawo da fure a gwangwanin kofi, ya dire mata yana jiran yabo.

"Kai tsoho, ka kashe shi!"

"Da ƙasarsa fa na haƙo."

"Ka tsinke masa saiwa. Shekara hamsin kana noma, ba ka san kurokas ba ya dasuwa ba? Kuma na gwangwani ba ya shiga lissafi. Sai na gani a kan tudun."

Kafin rana ta take furen ya langaɓe. Orest ya fita ya tsaya yana sosa ƙeya. Hanyar duk caɓi ce, mota ba za ta kai ba. Sai idonsa ya faɗa kan tarakta, da babban cokalin kwasar kaya na gabanta.

Da Halyna ta ga kujerarta ta falo ɗaure da igiya a cikin cokalin, ta riƙe baki.

"A abin kwasar kashin shanu za ka ɗora ni?"

"Na wanke, har da sabulu. Hau, ranki ya daɗe."

Ta hau. Ya lulluɓe ta da bargo biyu, ya ɗaga ta sama, suka kama hanya kamar hawainiya, tana ta ba da umarni daga can. "Hagu! Ba wannan hagun ba, makaho!"

A gefen kudu, inda rana ke fara cinye ƙanƙara, ya sauke cokalin har ƙasa. Ga furannin nan guda uku cikin busasshiyar ciyawa, shuɗi-shuɗi, ko ganye ba su fitar ba, jikinsu duk gashi kamar 'yan tsaki. Halyna ta sunkuya a hankali ta sa ɗan yatsa cikin ɗaya, can tsakiya wajen rawayan.

"Da ɗumi," in ji ta.

Orest ya kau da kai. A nan ya ga sawun takalmi a kan ragowar ƙanƙara, ƙanana, na kwana biyu ko uku, sun zo daga wajen shingen Doreen sun tsaya daidai furannin, sun koma. Ya matsa a hankali ya bi ya tattake su.

"Rawar me kake yi?"

"Sanyi ne ya kama mini ƙafa."

"To miƙo wayar."

Bugu ɗaya Doreen ta ɗauka.

"Ke tsohuwar banza, kina barci na riga ki!"

"Ƙarya kike, gurguwa! Da wace ƙafar?"

"Leƙo ta taga ki gani. Orest, ɗaga ni sama!"

Ya hau tarakta ya ɗaga ta iyakar inda cokalin ke kaiwa, tana kaɗa sanda, dariyarta har kan titi.