Allon da Auta Ta Bari

Tun da Auta ta rasu, mahaifiyarta ba ta yarda kowa ya share ɗakinta ba. Da kanta take shiga da tsintsiya, ta kewaye teburin a hankali don kada ƙura ta tashi ta sauka a kan allon.

Allon farin katako ne, da kyamara a ɗaure a samansa tana kallon ƙasa. Kuma ba na Auta ba ne. Na wasu masu zane ne da yawa, kowa da garinsa, kowa da taurin kansa, waɗanda suka haɗa baki za su yi fim ɗin zane mai motsi a kan allo guda. Wanda allon ya zo hannunsa zai tarar da zanen gawayin da na gabansa ya bari. Sai ya ɗauki hoto, ya goge kaɗan, ya sake zanawa, ya ƙara ɗauka, har zanen ya rikiɗe ya koma nasa, sannan ya miƙa wa na gaba. Uwar, da yake tela ce, ta sha yi wa Auta tsiya cewa da ita ma tana farke duk abin da ta ɗinka, da tuni mai gidan haya ya watso musu kaya waje.

Ciwon bai ja lokaci ba. Abin da Auta ta bari a allon wata mata ce da jaka a hammata, ta ɗaga ƙafa za ta tsallake kwata. Nan ne wuri na ƙarshe da yatsun yarinyar suka taɓa, kuma uwar ta san haka sarai.

Wanda ke bin Auta a layi wani ne da ake ce wa Dogo. Ya zo gaisuwa tun da farko, ya sunkuyar da kai, bai ko kalli ƙofar ɗakin ba. Sai da makoki ya watse da daɗewa ya dawo. Ya tambayi lafiyar ƙafarta, ya yaba keken ɗinkinta, ya yi ta kewaye-kewaye har ta tausaya masa ta ce ya faɗi abin da ya kawo shi. Da ya faɗa, ta ce a'a. Ya ce zai ɗauki hoton zanen, a wanke mata babba a sa a gilashi. Ta ce hoto ai takarda ce, Auta ba ta taɓa ta ba. Babban ɗanta ya sa baki cewa kayan mutane ne, ta yi masa kallo ɗaya, nan take ya tuna yana da aiki a waje.

Dogo bai ja ba. Ya roƙi a ba shi hotunan da ke cikin kyamarar kawai, ya zuba su a kwamfutarsa, ya juyo mata da ita. Ba ta taɓa zama ta kalli aikin ba. Kullum akwai ɗinkin da ake jira. Ta ga bishiya ta naɗe ta zama lema, lemar ta buɗe matar nan ta fito daga ƙarƙashinta tana tafiya. Sai wani abu ya gilma.

Ta ce ya mayar baya. Ya riƙa bin hotunan ɗaya bayan ɗaya har ya tsaya a kai. Hannu ne, babban yatsa baƙi ƙirin da gawayi, ga tabon da allurar keke ta yi wa manuniya tun Auta tana ƙarama tana wasa a shago.

"Kuskure ne, Mama. Ta danna kafin ta janye hannunta. Dukanmu muna yi. Irin wannan cirewa ake yi."

Uwar ta zuba wa tabon ido. Can ta tambaya, in ta riƙe allon, me zai faru da fim ɗin? Dogo ya ce nan ya tsaya ke nan, aikin waɗanda suka gabata da na Auta duk za su zauna a kwamfuta, babu mai gani.

"In na ba ka, za ku bar hannun?"

Ya ce zai tsaya kai da fata sai an bari, amma ta sani, in fim yana tafiya, hannun bai kai ƙiftawar ido ba, yawancin mutane ba za su lura ba.

"Ni zan lura, ɗan nan."

Ita ta ɗauko allon da hannu biyu, ta sa masa a akwatin da aka kawo shi, ta ce kada ya goge komai sai ya bar unguwar. Ya rufe akwatin. Ta zauna bakin gadon Auta, ta ce kafin ya kashe kwamfutar ya ƙara nuna mata sau ɗaya, yadda mutane za su gani.

Ya kunna. Bishiya ta naɗe, lema ta buɗe, matar ta fito. Idanun uwar suka cika taf, ta ƙifta don ta gani da kyau, ko da ta buɗe matar ta riga ta isa bakin kwata.

Dogo ya tambaye ta ko ta gani. Ta ce ta gani, ta yi masa addu'ar sauka lafiya.