Madubin da Ya Kalli Daji

Idon Malam Sama'ila ya soma gazawa, shi da duk 'Yandoto ke jira ya hau soro ya ce an ga jinjirin wata. Shi ya sa 'yarsa Asiya ta shiga Gusau neman madubin hangen nesa kafin azumi.

Bitrus mai shago ya ajiye mata guda biyu. Ɗaya ƙarami, zai shige jaka. Ɗayan kuwa dogon baƙin bututu ne mai ƙafafu uku.

"Ƙaramin zai nuna maki wata, ba laifi," in ji Bitrus. "Babban har ramukan jikin watan za ki gani. Amma 'yan mata, ina za a kafa shi?"

"Saman soronmu, a 'Yandoto."

Bitrus ya goge gilashin. "Ɗauki ƙaramin."

"Idon Baba ya fi ƙarfin ƙarami."

Ta ɗauki babban. Direban motar Tsafe ya dube shi sama da ƙasa, ya ce a naɗe shi cikin tabarma.

Ranar duban wata, gab da magariba, ta kafa shi, ta juya bakinsa yamma inda wata ke tsayawa. Yamma kuma can ne dajin da manoma suka daina shiga tun da 'yan bindiga suka zauna ciki. Bututun na da nauyi, sai sunkuyowa yake yi. Tana gyarawa, idonta a gilashi, sai ga dutsen dajin ya matso kamar ta taɓa shi. Babura a jingine, mutane zazzaune. Hasken rana mai faɗuwa ya bugi gilashin, ya yi walƙiya. Ɗaya daga cikinsu ya miƙe, hannu bisa goshi, sannan ya nuna yatsa daidai cikin idonta.

"Mi kika gani, Asiya?" Malam ya tambaya daga kan tabarma.

Kafin ta amsa, maƙwabcinsu Yakubu ya ƙwala kira daga ƙasa. "Malam, wace irin bindiga ce wagga kuka saita ma daji? Ku sauke ta, don Allah!"

"Madubi ne, Yakubu."

"To, tafi ka gaya masu!"

Asiya ta shiga kwance ƙafafun, ƙusa ɗaya ta ƙi juyawa. Ladan bai gama kiran salla ba iska ta kawo ƙarar babura daga yamma.

Malam ya ɗaga fuska sama yana laluben gajimare da ido.

"Watan ya tsaya?"