Fitilun Ɗakin Mai Agogo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun baza kunne.

Wani dattijo ne mai gyaran agogo. Shekara arba'in yana duƙe a kan teburi da ɗan madubinsa a ido, har ranar da ciwo ya shanye masa ɓarin jiki, ya haɗa da harshe. Aka dawo da shi daga asibiti, aka kwantar da shi rigingine. Yana ji, yana gani, hankalinsa garau, amma ko wuya ba ya iya juyawa.

Ɗakin kuwa tagarsa bangon maƙwabta take kallo, ko da rana tsaka duhu-duhu ne. Babbar 'yarsa ta shigo ta ce, "Haba Mama, masu dubiya suna zuwa, a bar Baba da ƙwan fitila ɗaya tsirara?"

Washegari sai ga mai wayarin, wato mai aikin lantarki, da tsani. Ya rataya fitilar nan mai reto, mai 'yan gilasai kamar 'yan kunnen amarya, ƙwai goma sha biyu, daidai saitin fuskar mara lafiya. Aka danna makunni. Hasken ya soki idon tsoho kamar allura. Ya runtse, ja ya cika masa fatar ido. Ya buɗe, hawaye suka gangaro har cikin kunne.

"Kun gani? Baba har kuka yake don daɗi," in ji 'yar. Ita ma ta fashe da kuka.

Ƙanenta, wanda suke kira Injiniya ko da yake taya yake sayarwa, bai yarda a bar shi a baya ba. Ya sa aka huda silin aka binne ƙananan fitilu takwas, farare fat, aka ƙara biyu a bango masu siffar fure. Auta ta zagaye gefen silin da fitila mai kamar igiya, wadda take shuɗi ta koma kore.

"Yaya, tawa ta fi kallo," in ji Auta.

"Ke rufa mana baki, taki ta shagon aski ce."

Tsoho yana jinsu. A ransa yana cewa ku kashe, don Allah ku kashe, abin da yake fita kuwa gurnani ne. In ya yi gurnanin sai su ce albarka yake sa musu, su amsa da amin. Ya gwada ƙifta ido sau uku-uku, aka sayo masa maganin ɗigawa.

Wata uku ana haka. Ran nan matarsa tana canza zanin gado, bayanta ya riƙe, ta ɗan kishingiɗa kusa da shi, ta ɗaga kai. Ko ƙirga biyar ba ta yi ba ta kare fuska da hannu.

"Malam, ashe abin da kake sha ke nan?"

Ta lallaɓa ta kashe fitilun. Ya sauke ajiyar zuciya, ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba.

Da yaran suka zo ta faɗa musu. Babbar ta ce, "Mama, ke dai ba kya son sabon abu. Likita ma ya ce zaman duhu yana kashe wa mara lafiya zuciya." Ta kunna. Uwar ta ɗauko ɗankwali ta yafa masa a ido, Auta ta fizge.

"Ana rufe wa mai rai fuska? Bar yi mana fatan tsiya."

Injiniya ne ya ɗan saurara. Ya ce zai turo mai wayarin ya sa abin rage haske, gadon ma a matsar da shi, sai dai a jira a samu majiya ƙarfi. Alkawarin Injiniya kuwa, kun san ruwan da ake zubawa a kwando.

Sai tsohuwa ta samo dabararta. In babu kowa, ta kashe. In ta ji ƙarar mota a ƙofa, ta kunna da kanta don a zauna lafiya, ta ja kujera, ta ɗaga mafici a saman fuskarsa kamar fifita take yi, ta tsayar da shi a nan. Hannu ya gaji ta sauya. In ta tashi kawo wa baƙi ruwa, hasken ya dawo masa, ya yi ta zubar da hawaye har ta komo.

Mai agogo ya yi shekara biyu a haka, sannan Allah ya karɓi abinsa. Matar tana nan, kafaɗarta ta dama ba ta ɗaguwa sosai. Yaran sun raba fitilun, kowa ya cire tasa ya kai gidansa. Mai wayarin bai zo ba sai ranar cirewa.