Gugan da Ba Ya Yoyo

A shekarun da Turawa suke yawon dasa alamun iyaka a arewa da Maigatari, akwai wani ƙauye a kan hanyar Ɗanzomo mai rijiya ɗaya tak. Rijiyar tana da zurfin da in ka leƙa sai dai ka ji sanyi a fuska, amma ruwan ba ka ganinsa. Bakinta kuma ƙarami ne, guga ɗaya yake ɗauka a lokaci guda. Don haka guga ɗaya garin yake da shi, na kowa da kowa. Mata su ja da safe, in rana ta ɗaga Fulani su kawo shanu su cika komi.

Ɗinkin wannan guga aikin gidan su Haladu ne tun zamanin kakansa. Mai gari ya ba da ƙirgi, baduku ya ɗinka, in kaka ta yi kowane gida ya aiko masa da damin gero. Da wannan geron gidan yake kaiwa damina. Sauran aikin dukanci, gyaran takalmi da kube da ɗinkin laya, bai wuce na gishiri da daddawa ba.

Abin da ya daɗe yana ci wa Haladu tuwo a ƙwarya shi ne, duk gugan da mahaifinsa Ɗantsoho ya ɗinka yoyo yake yi. Tun yana sabo fil, da an ɗago shi daga ruwa za a ji shaaa, ruwa yana komawa inda ya fito. Akwai wani Ilu, mutum mai baki kamar an jiƙa shi, wanda ba ya ganin tsohon a hanya bai ce masa, "Baduku, mun gode, yau ma mun raba ruwa da rijiya" ba. Ɗantsoho ya yi dariya ya wuce. Haladu kuwa ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Haladu ya yi shekaru a Gumel yana ƙarin sani a hannun dukawan birni, ya dawo da hannu mai kyau, kuma ya san da haka. Ya sha ce wa tsohon, har a gaban mutane, "Baba, idonka ya yi rauni, ka bar mini gugan nan." Amsar ba ta taɓa canzawa ba.

"Bar shi haka, yana ɗebo ruwa."

Bayan kaka Allah ya yi wa Ɗantsoho rasuwa. Da rani ya tsaya, tsohon guga ya gaji, mai gari Barau ya aiko wa Haladu da ƙirgi. Nan fa Haladu ya zauna ya zuba duk abin da ya koyo. Ya jiƙa fata, ya murje ta da mai har ta yi laushi, ya ninka baki, ya bi kowane ɗinki sau biyu. Da ya gama ya cika shi da ruwa ya rataye a reshen aduwa tun safe har azahar, yashin da ke ƙasa bai ga ko ɗigo ba. Ya yi murna ƙwarai. Ya kuma ji wani ɗan ɗaci, don wanda ya fi so ya gani yana kwance a maƙabarta.

Ranar farko gari ya ɗauka. Mata suka yi ta guɗa, guga yana fitowa cike har baki yana rawa. Ilu da kansa ya ce ashe a gidan nan akwai mai ido. Haladu ya kwana biyu yana bi ta bakin rijiya ba tare da wani dalili ba, don dai a gan shi.

Ba a jima ba mai gari ya aiko kiransa. Ya tarar da shi a zaure tare da Cindo, babban makiyayan da suke zaman rani a gonakin garin. Haladu ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya yi gaisuwa, yana tsammanin yabo.

Cindo ya nuna sama da sandarsa ya ce, "Ranka ya daɗe, da can rana tana nan mun gama shayarwa mun koma daji. Yanzu sai azahar ta gota mata ba su saki igiya ba. Shanu su wuni a tsaye, ba kiwo ba ruwa. In haka za a ci gaba, gara mu kwashe mu nufi wajen Sule Tankarkar."

Kowa a zauren ya san abin da wannan yake nufi. In Fulani suka tashi, gonaki sun rasa taki, mata sun rasa nono.

Mai gari ya dubi Haladu ya ce, "Rijiya ta da ce, igiya ta da ce, matan ma na da ne. Guga ne kaɗai sabo."

"Ranka ya daɗe, ko ɗigo ba ya zubarwa."

"Na sani. Ni ba ɗigo na tambaye ka ba, shanu nake so su sha ruwa. Ranar Alhamis zan ci kasuwar Maigatari. In ban ga sauyi ba kafin nan, zan taho da baduku daga can, ƙirgi da dami su koma hannunsa."

Haladu ya fito ransa a ɓace. Aikin da kakansa ya riƙe, ubansa ya riƙe da gugansa mai yoyo, shi ne zai kuɓuce a hannun wanda ya fi su iyawa? Ya rantse a zuciyarsa hassada ce kawai.

Washegari da sassafe ya je ya zauna a gindin aduwar bakin rijiya, don ya kama mai yi masa zagon ƙasa. Abin mamaki, duk shekarun nan da yake sukar guga, bai taɓa zama ya kalli yadda ake jansa ba. Ruwa a randa yake samunsa.

Wata mata mai suna Kande ce a kan igiya. Ta ja, ta ja, da gugan ya kai kamar rabin hanya sai ta naɗe igiyar a jikin gwafar da ke kafe a bakin rijiya, ta riƙe ƙugu, ta juya tana tambayar ta bayanta yadda aka yi suna a gidan ƙanwarta. Aka ba ta labari tun daga naƙuda har rabon nama. Sai da aka gama ta kwance igiya ta ƙarasa. Ta bayanta ma haka ta yi. Da layi ya zo kan Ilu, shi ko gwafar bai nema ba. Taka igiyar ya yi da ƙafa, ya ciro goro ya ɓare, ya shiga ba da labarin wani Bature da ya gani a Maigatari yana leƙen wani madubi mai ƙafa uku. Babu wanda ya yi fushi a cikin masu jira, don kowa yana da nasa labarin da ya ajiye sai ya kama igiya. Can nesa shanun Cindo suna tsaye suna kaɗa jela.

Haladu ya kasa daurewa. Da Kande ta dawo cika tulu na biyu ta sake naɗe igiya, sai ya miƙe ya ce, "Haba Kande, ki ja mana! Ba ki ga mutane na jira ba?"

Ta dube shi sheƙeƙe ta ce, "To ina ruwan zai je? Ba kai ka ɗinka ba?"

Aka yi dariya. Da ta juye ruwanta, Haladu ya karɓi igiyar ya zura guga don ya nuna musu yadda ake yi. Kafin ya kai rabi kafaɗunsa sun ɗau zafi, kuma nauyin da ya taso da shi daga ƙasa yana nan bai ragu ba. Idonsa ya kai kan gwafar nan, ya ji shi ma yana sha'awarta. Kunya ce kawai ta sa ya ƙarasa.

Ya koma gindin aduwa yana haki, sai ya tuna yadda bakin rijiyar yake a da in ya zo wucewa. Wannan shaaa ɗin da yake jin kunyarsa, shi ne yake sa mai ja ya yi ta zabga hannu kamar an biyo shi. In an gaishe shi, "lafiya lau" kawai zai ce ba tare da ya waiwayo ba, don duk tsayawar da ya yi ruwansa ne yake tafiya. Kuma daidai lokacin da hannu ya fara gajiya, gugan ya fara sauƙi. Ba ya fitowa a cike, gaskiya ne, amma kafin a ja sabon nan sau ɗaya an ja wancan ya fi a ƙirga.

Ya isa gida da ƙishirwa. A inuwar zaure ya tarar da Goggo, ƙanwar mahaifinsa, tana kaɗi. Ya kwance bakin salkar da ke rataye a turke ya sha ya ƙoshi, sannan ya zauna ya kwashe duk abin da ya gani ya faɗa mata.

Ya ƙare da cewa, "Sa'a Baba ya yi, Goggo. Rashin ido ne ya zame masa alheri."

Goggo ba ta tsayar da mazarinta ba. Ta ce, "Ɗan nan, daga ina ka sha ruwa yanzu?"

Ya waiwaya ya dubi salkar. Ɗantsoho ne ya ɗinka ta, kuma ba da ƙuruciya ba, bara waccan ne, lokacin da ake cewa idonsa ya tafi. Ƙasar gindin turken a bushe take ƙayau. Haladu ya tashi ya bi ɗinkin da yatsa. Ya fi nasa matsewa.

Ya zagaya bayan ɗaki inda ya jefar da tsohon gugan, ya kaɗe shi ya ɗaga wa rana. Ɗinkin lafiya lau yake duk da tsufansa. A gindin ne ya ga 'yan huji ƙanana, zagayayyu, bakinsu ƙone da ƙarfe mai zafi don kada su yage. Sau nawa ya ɗauki gugan nan yana tsaki, bai taɓa duba inda ruwan yake fita ba, don ya riga ya yanke cewa ɗinki ne.

Ya dawo da shi a hannu ya tsaya gaban Goggo. "Me ya sa bai faɗa mini ba?"

"Ya faɗa wa wa? Kai da ka dawo daga Gumel hanci a sama? Ni ma bai faɗa mini ba, ido gare ni. Kuma ka sani, ranar da Kande ta ji cewa da gangan aka huda don a kore ta daga bakin rijiya, da tsumma za ta toshe shi, ta haɗa da zagin wanda ya huda. Amma in baduku ne bai iya ba, sai ta yi masa dariya ta ja igiyarta."

Haladu ya zauna a ƙasa. Ya tuna ranakun da ya tsaya a gaban mutane yana ce wa tsohon idonsa ya yi rauni, tsohon yana murmushi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har ya juya wa Goggo baya don kada ta ga fuskarsa.

Da la'asar ya je ya karɓo sabon gugan, ya ce zai shafa masa mai. Ya hura wuta a tsakar gida, ya ɗauko basillar mahaifinsa ya sa a garwashi har ta yi ja. Ya kife gugan a gwiwarsa, ya daɗe yana shafa shi. Bai taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba. Ya gwada da tsohon gugan, ya yi bisimilla, ya soka.

Da safe tun daga nesa aka ji shaaa. Kande ta saki salati, ta shiga zabga hannu tana faɗa, ba ta ko kalli gwafa ba. Wata ta gaishe ta, ta ce "lafiya lau" idonta a kan igiya. Rana ba ta gama ɗagawa ba shanun Cindo suka sa baki a komi. Ranar Alhamis mai gari ya je Maigatari, ya dawo da kanwa da gishiri, ba baduku.

Bayan kwana biyu Haladu ya haɗu da Ilu a ƙofar masallaci, mutane cike. Ilu ya ɗaga murya yadda na nesa zai ji.

"Baduku, mun gode, mun koma raba ruwa da rijiya! Duk cika bakin Gumel ɗin nan ashe na ɗan lokaci ne. Hannun ubanka ka ɗauko sak. Ko dai za ka karɓa ka gwada gyarawa?"

Aka kwashe da dariya. Maganar ta zo wa Haladu har baki, ya ji kamar ya jawo Ilu zuwa zaure ya nuna masa salka. Ya haɗiye ta, ya yi ɗan murmushi.

"Bar shi haka," in ji shi, "yana ɗebo ruwa."

Ya sa takalminsa ya nufi gida, suna ta dariya a bayansa.